Ɗaya daga cikin mata 111: rayuwata da cutar ƙanjamau a Busan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zan sakaya sunana, ba don ina ƙyamar jarrabawar da Allah ya ɗora mini ba, sai don labarin ya shafi wasu mutanen da ban nemi izininsu ba. Ni Bakanuwa ce, malamar firamare, uwar yarinya ɗaya, kuma ina ɗauke da ƙwayar cutar HIV. A Koriya ta Kudu aka gano tana jikina, a birnin Busan, cikin 2019. A 2019 ɗin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga sababbin mutum 1,222 da aka samu da cutar, maza 1,111, mata 111. Baƙi 217 ne a cikinsu, sauran duk 'yan ƙasa. Duk wanda ya ci karo da lissafin nan, to ina ciki har sau biyu, a layin mata da kuma layin baƙi.

Da ƙuruciya aka yi mini auren fari. Mijina na farko, Allah ya jiƙansa, ya sha doguwar jinya kafin ya cika. An ce taifot ne, an ce olsa ce, a ƙarshe dangi suka tsaya a kan sammu. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har fili an sayar. Ba wanda ya ce a gwada jini, in ma an gwada a ɓoye, ni dai ba a faɗa mini ba. Na gama takaba lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Da na sake aure a 2017 ma ba a yi gwaji ba, don dokar tilasta gwaji kafin aure sai a 2024 aka sa mata hannu a Kano. Malam, mijina na biyu, ya samu aikin bincike a wata jami'a a Busan, ya yi gaba, na bi shi bayan takardu sun kammala.

Busan gari ne na bakin teku, gidaje sun hau kan duwatsu, kuma nan ce tashar jiragen ruwa mafi girma a ƙasar. Juma'a mukan je masallacin Al-Fatah, cefane kuma kasuwar kifi ta Jagalchi, tunda kifi ba ya buƙatar a tambayi wanda ya yanka. Na shiga ajin koyon yarensu da gwamnati ta buɗe wa baƙi, ina ɗan tsintar kalmomi. Ana haka ciki ya shiga.

A wani ƙaramin asibitin mata kusa da gida na fara awo. A can duk mai ciki ana ɗibar jininta a duba abubuwa da dama lokaci guda, har da ciwon hanta da HIV. Bayan 'yan kwanaki suka kira Malam a waya, suka ce mu zo tare. Likitar ba ta faɗa mini baƙar magana ba. Ta dai ce ba za su iya ci gaba da duba ni ba, ta miƙo takarda zuwa babban asibitin jami'a. Muna fita na waiwaya, sai na ga ma'aikaciyar da ta saba riƙe mini hannu in zan hau gado ta sa safar roba tana feshe kujerar da na tashi a kai. Gwajin farko ba shi ne hukunci ba, sai an aika jinin ɗakin gwaji na gwamnati an tabbatar, sannan likita ya kai rahoto cibiyar lafiya ta gunduma kamar yadda doka ta wajabta masa. An aika, an tabbatar.

Aka gwada Malam, aka sake gwada shi bayan wani lokaci, ba ya ɗauke da ita. Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take ya rungumi ƙaddara ba. Ya yi kwanaki ba ya iya haɗa ido da ni, ya fita da asuba ya dawo na kwanta. Ni kuma na daina cin abinci, ina jiran ranar da zai ce in haɗa kayana. Wani dare ya shigo da ledar lemo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Tashi ki ci abinci, ba ke kaɗai ba ce a jikin nan." Washegari ya raka ni asibiti da littafi cike da tambayoyi, ya tsare likita yana rubuta amsa. Halin masu bincike ke nan, abin da ya fi ƙarfin zuciyarsu sai su mayar da shi karatu.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a sashen cututtuka masu yaɗuwa shi ne mutanen da na tarar a kan benci. A gida, in aka ce layin karɓar magani, mata ne da goyo da hijabai, maza tsiraru a gefe, domin a Najeriya mata sun fi maza yawa a cikin masu cutar. A Busan kuwa maza ne zalla, yawancinsu samari, da hular hana-sallah an janyo ta har gira da takunkumi a fuska, tun korona ba ta zo ba. Ba mai gaida wani. Kowa idonsa a kan waya, ana kiran lamba ya miƙe ya shige.

Asibitin na da ma'aikaciyar jinya da aikinta kawai shi ne zama da masu HIV ta ba su shawara, tsari ne da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa a manyan asibitoci. Ita ta warware mini abin da idona ya gani. A cikin duk mutum goma da ake samu da cutar a Koriya, kusan tara maza ne, kuma 'yan shekara 20 zuwa 39 sun haura rabi. Kusan dukkan waɗanda suka yarda suka faɗi hanyar da suka kamu, saduwa suke cewa, kuma a shekarun nan fiye da rabinsu maza ne da suka sadu da maza. Allurar 'yan ƙwaya ba ta da yawa a lissafin, ƙarin jini an daɗe da toshe ƙofarsa, daga uwa zuwa jariri kuwa sai a shekara ba a ji ko ɗaya ba. Ta ce da yawa ba sa amsa tambayar sam, wasu kuma suna faɗin abin da ya fi sauƙin faɗa. Ban yi mamaki ba.

Na san abin da zai zo ran mai karatu a nan, don ya zo raina. Addinina yana da hukuncinsa a kan wannan aiki, ban kuma sauya ra'ayi ba. Amma na zauna benci ɗaya da yaran nan wata da watanni, na ga wanda bai wuce sa'an ƙanina ba yana kuka a bayan injin sayar da ruwa. Na kuma lura da wata ɓarna: tunda mutanen ƙasar sun liƙa cutar a wuyan rukuni ɗaya, har wasu ƙungiyoyin coci na yawo da ita a matsayin hujja, sai magidanci da matar aure suke ganin gwaji ba nasu ba ne. Irinsu ne ake kawowa a makare, garkuwa ta riga ta zube, da ciwon huhu ko tarin fuka. Tarin fuka kuwa ba baƙo ba ne a can, Koriya ta daɗe a sahun gaba wajen yawansa a cikin ƙasashe masu arziki, shi ya sa ni ma sai da aka bincike ni a kansa tun ranar farko.

Kafin a ɗora ni a kan magani an yi gwajin da ke nuna ko ƙwayar tana bijire wa wasu magunguna. Da sakamakon ya fito, likitan ya juyo da kwamfutarsa wajen Malam yana nuna masa. Ashe ita ma ƙwayar tana da dangi, kowane da alamarsa, kamar tsagar fuska da ake gane asalin mutum da ita. Mafi yawan 'yan Koriya masu cutar nau'in B suke ɗauke da shi, har ma masana sun ware wani reshe nasa da ya yaɗu a cikin ƙasar suna kiransa B na Koriya. Tawa kuwa CRF02_AG ce, wadda ita da nau'in G suka fi yawa a Najeriya. Ma'ana daga gida na zo da ita. A ranar ne zargin da ban taɓa furtawa ba game da jinyar marigayi ya zauna daram. Na yi masa addu'a, don na fi kyautata zaton shi ma bai sani ba.

Sojojin jikina, waɗanda likitoci ke aunawa da CD4, sun ragu amma ba su kai matakin haɗari ba. Likitan ya ce ba a jira, musamman da ciki. A lokacin ana tsakiyar muhawara a kan maganin dolutegravir, saboda wani bincike a Botswana a 2018 ya sa an ji tsoron ko yana taɓa lakar jariri in an sha shi a farkon ciki. Daga baya ƙarin bayanai suka kwantar da hankali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga kowa a 2019, amma likitana ya zaɓi raltegravir safe da yamma, haɗe da ƙwayar tenofovir da emtricitabine. Ya ce idan uwa ba ta shan komai, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 su kamu, idan kuwa magani ya danne ƙwayar har awo ya kasa ganinta, haɗarin ba ya kai ko biyu cikin ɗari. Ban taɓa riƙe wani abu da muhimmanci irin ƙwayoyin maganin nan ba. Na ɗaura su da sallar asuba da ta magariba. Kafin ciki ya tsufa aka auna jinina aka ce ba a ganin ƙwayar.

Maganar kuɗi kuwa, a nan dole a sara wa Koriya. Inshorar lafiya ta ƙasa tana biyan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin jinyar mai HIV, ɗan ƙasa da ya yi rajista a cibiyar lafiya kuma gwamnati ta biya masa ragowar goman. Wato magani kyauta, kuma sabon fitowa, ba ragowar wasu ba. Gwaji ma kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gunduma, kuma tun 2008 doka ta ba mutum damar a gwada shi ba tare da ya faɗi sunansa ba. Ni inshorar aikin Malam ce ta ɗauke ni, abin da ya rage a kanmu bai fi ƙarfinmu ba. Waɗanda ke shan wuya su ne baƙin da takardunsu suka ƙare, don in ba inshora kuɗin maganin wata guda ya kai ɗaruruwan dubban won, kuɗin ƙasar. Akwai cibiyar KHAP da ke yi wa baƙi gwaji da ba da shawara a asirce, na kuma tura mutum biyu can daga cikin 'yan Afirka da muka saba.

A bencin nan na haɗu da tsohuwar da ta sa na rubuta wannan labari. Ita kaɗai ce macen da nake gani a kai a kai. Gajera ce, kumatunta sun lotsa, hannayenta duk sabar aiki. Rannan ta dubi cikina, ta dubi katin da ke hannuna, ta matso ta dafa gwiwata ba ta ce komai ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Imo nake kiranta, yadda suke kiran yaya ko ƙanwar uwa. Yaren mutanen Busan yana da kauri, ko ɗan Seoul yakan ce a maimaita masa, balle ni, don haka hirarmu rabi da baki ce, rabi da manhajar fassara a waya, sauran da hannu. A haka, kaɗan-kaɗan, na tattara labarinta.

Mijinta matuƙin jirgin kamun kifi ne na nesa. A shekarun 1970 da 1980 jiragen Koriya da yawa sun yi sansani a Las Palmas, a tsibiran Canary na Sifaniya, suna kamun kifi a tekun Afirka ta Yamma, mazan su yi shekara biyu ko uku ba su ga gida ba. A 1985 aka fara samun ɗan Koriya da cutar, a 1987 aka kafa dokar yaƙi da ita, ana saura shekara guda a yi gasar Olamfik a Seoul, ƙasa cike da fargabar abin da baƙi za su shigo da shi. Dokar ta zo da tsanani, har da ikon killace mai cutar, wanda aka soke daga baya, aka kuma tilasta wa wasu rukunan mutane gwaji, ciki har da matuƙan jiragen nesa. A irin wannan gwajin aka kama mijinta, sannan ita. Da na ce mata daga Afirka ta Yamma nake, sai ta yi dariya har da tafi, ta ce ashe ƙwayar tata da tawa 'yan gari ɗaya ne. Ba wasa kawai ba ne, likitoci sun tabbatar cewa a cikin matuƙan nan an samu nau'o'in da ba B ba, irin na wajenmu.

A wancan zamanin ma'aikatan lafiya har gida suke zuwa duba su. Unguwa ta lura da masu zuwa da jaka, magana ta fita, mai gidan haya ya ba su notis. Sun tashi sun koma wata unguwa inda ba a san su ba. Mijin ya rasu kafin haɗin magunguna uku mai danne ƙwayar ya iso ƙasar a wajen 1997. Ita Allah ya ja kwananta ta riske shi. Ta ce a farko tafin hannu guda take sha, wasu da abinci, wasu ba abinci, wasu sai da ruwa kofi-kofi, ga gudawa ga amai, kuma tsofaffin magungunan nan ne suka tsotse mata kitsen fuska. Da fiɗar kifi a kasuwa ta yi wa ɗanta tilo karatu har ya zama ma'aikacin kamfani, ya yi aure, ya haifi biyu. Shekara talatin, yaron nan bai sani ba. Ciwon suga ta ce masa tana da shi. Kwalaben magani takan ɓare takardar jikinsu kafin ta shiga gida. In sun zo hutun Chuseok, bikinsu na kaka, takan ware cokalinta da kofinta, alhali ta fi kowa sanin ba a ɗauka ta nan, likitoci sun faɗa mata ba adadi. Ta ce hannunta ne ya saba.

Na tambaye ta me take tsoro, tunda ga lafiya ga magani. Ta ce ba mutuwa ba, tsufa. A Koriya tsoho in ya kasa, asibitin jinyar tsofaffi ake kai shi, kuma yawancin irin waɗannan asibitoci ba sa karɓar mai HIV, ko da doka ba ta hana su karɓa ba. Sai su ce ba gado, ko ba su da kayan aiki, ko sauran majinyata za su gudu. Haka wasu likitocin haƙori da masu tiyata, ƙorafinsu ya sha zuwa gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar. A wani babban binciken ra'ayi na duniya, kusan tara cikin goma na 'yan Koriya sun ce ba sa son maƙwabtaka da mai cutar. Ga kuma lissafi yana tafiya: zuwa ƙarshen 2023 'yan ƙasar 16,467 ne ke raye da HIV, kusan ɗaya cikin biyar ya kai shekara 60. Maganin da ya raya su shi ne ya kawo su ƙofar da ba a buɗe musu ba.

A farkon 2020 na haihu, daidai lokacin da korona ta ɓarke a birnin Daegu, ba nisa da mu. Da yake ƙwayar a danne take, an bar ni na haihu da kaina. Mace ce. Aka fara ɗiga mata ruwan zidovudine a baki tun ranar, aka ci gaba na wasu makonni. Matan Koriya in sun haihu sukan tare a gidan hutun masu jego na sati biyu, ni ko tambaya ban yi ba, na san amsar. Ba wankan jego, ba kunun kanwa, ba gwaggo ba inna. Imo ce ta hau bas da tukunyar miyar ganyen teku, wadda suke ba mai jego, ta ajiye a bakin ƙofa saboda korona, ta buga waya ta ce in shanye tas. Na sha. Ba zan ce ta kai miyar kuka ba, amma na sha da hawaye.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne nono. A gida ana ce wa uwa mai shan magani ta shayar, saboda rashin tsabtataccen ruwa da tsadar madara sun fi zama barazana ga jariri. A Koriya kuwa, inda ruwa da madara ba matsala ba ne, likitoci suka ce kada ta ɗanɗana ko sau ɗaya. Aka ba ni maganin tsayar da nono. Hajiya, mahaifiyar Malam, ta kira ta bidiyo ranar suna ta ga bulumboti a bakin jaririya, ta ce, "Wannan wace irin bidi'a ce? Ke ba ki da nono ne?" Malam ya karɓi wayar ya ce, "Hajiya, likita ne ya hana, akwai maganin da take sha." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara ko kalma ba. An gwada yarinyar tana 'yar makonni, an sake tana 'yar watanni, aka yi na ƙarshe tana shekara ɗaya da rabi. Ba ta ɗauke da komai, alhamdu lillahi. Ni kuma bayan haihuwa aka mayar da ni kan Biktarvy, ƙwaya ɗaya tak a rana, wadda ta shigo kasuwarsu a 2019.

Korona ta taɓa lissafin cutar ma. Cibiyoyin lafiya sun koma gwajin korona, da yawa suka dakatar da na HIV, sai adadin sababbin da aka gano ya sauko zuwa 1,016 a 2020, ya kuma sauko zuwa 975 a 2021. Ma'aikaciyar jinyarmu ta ce kada kowa ya yi murna, ƙofar gwaji ce aka rufe. Da aka buɗe kuwa ya koma sama da dubu. A 2023 an samu 1,005, kuma kashi ɗaya cikin huɗu baƙi ne. Wannan kason na baƙi yana hawa, kuma ina jin tsoron ranar da za a mayar da shi sandan dukanmu, don an taɓa yi. Kafin 2010 baƙon da aka samu da cutar ana iya korarsa daga ƙasar. Malaman Turanci 'yan waje kuwa an ci gaba da tilasta musu gwaji har 2017, sai da wata malama 'yar New Zealand ta kai ƙara gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ta yi nasara a 2015. Da shekara goma na riga zuwa, da wataƙila a jirgi zan ƙarasa rainon cikina.

Akwai kuma sashe na 19 na dokar nan ta 1987, wanda ya shafe ni har cikin ɗakina. Ya haramta wa mai cutar duk abin da zai iya yaɗa ta ta jini ko ruwan jiki, hukuncinsa ɗauri har shekara uku, kuma an sha gurfanar da mutane a kansa ko da ba wanda ya kamu. Alhali likitan da ke duba ni, a asibitin da gwamnati ke biyan kuɗin maganinsa, shi ya zaunar da mu ya ce manyan bincike sun tabbatar wanda magani ya danne ƙwayarsa ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Malam shaida ne, har yau lafiyarsa lau. Ƙungiyoyin masu cutar irin su KNP+ sun yi ta fafutuka, magana ta kai kotun tsarin mulki. A watan Oktoba na 2023 alƙalai biyar suka ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki ta wani ɓangare, huɗu suka ce daidai yake. Ana buƙatar shida kafin a rushe doka, don haka tana nan.

A ƙarshen shekarar muka dawo Kano. An mayar da ni kan haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, wanda kusan kowa ke sha a nan, kuma yana yi mini aiki yadda wancan ya yi. Sauran abubuwan kam sai haƙuri. Layi tun sanyin safiya, fayil ya ɓace a nemo, sakamakon awon ƙwaya ya yi watanni bai dawo ba. A farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafi, na ga matan da suka fara tsallake kwana suna ɓoye ƙwayoyi saboda gobe, abin da mutumin Koriya ba zai taɓa tunaninsa ba, don da kuɗin ƙasarsa ake saya masa. Mu kusan miliyan biyu ne, su ba su kai dubu ashirin ba a cikin mutum sama da miliyan 51.

Amma a layin nan namu ana hira. Ana riƙe wa juna jariri, ana cinikin turare da atamfa, wata ta ce wa wata, "Yaya, kin rame, kina dai sha a kan lokaci?" Har aure ana ƙullawa. Ba cewa nake babu tsangwama a Kano ba, ni kaina Hajiya ba ta sani ba har gobe, kuma na san matan da aka kora da tsakar dare. Sai dai a nan na san fuskoki ɗari da ke cikin halin da nake ciki, Imo kuwa ta shekara talatin ba ta da ko mutum ɗaya da za ta buɗe wa baki in ba ma'aikatan asibiti ba, sai da wata baƙuwa mai ciki da ba ta jin yarenta sosai ta zauna kusa da ita.

Muna waya har yanzu. A 2025 ta ce mini inshora ta fara biyan kuɗin allurar nan da ake yi sau ɗaya a wata biyu a madadin ƙwayar magani, ta roƙi likita ya sa ta, ya ce ba za ta yi mata ba, saboda ƙwayarta ta riga ta bijire wa dangin ɗaya daga cikin magungunan tun zamanin tsofaffin haɗi. Da sanyin da ya wuce kuma ta zame a kan matakala ta karya ƙugu. Asibitin jami'a ya yi mata aiki ba gardama. Da aka zo sallama, aka ce a nemi inda za ta yi jinya ta koyi tafiya, ɗan nata ya shiga buga waya. Duk inda aka karanta takardarta sai a ce ba gado. Da abin ya ishe shi ya koma wajen likita yana faɗa, a nan Imo ta ce a faɗa masa.

Ta ce ya fita ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo bai yi maganar cutar ba sam, tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa, wai tun yana aji nawa. Ya ɗauke ta ya kai ta gidanta, ya ɗauko mai kula da ita da rana, shi kuma yana kwana a can ranakun hutu. Matarsa ba ta kawo jikokin ba tukuna. Ma'aikaciyar jinyar nan tamu ta nemi su zauna ta yi mata bayani, ta ce za ta zo, an sa rana sau biyu tana ɗagawa.